Matar da ke Gefen Hotunan Awalu

Awalu taubashina ne, ɗan ƙanen mahaifiyata, kuma a gida ɗaya muka tashi a Jugu, cikin ƙasar Dahome, saboda haka ina da ikon faɗin aibinsa ko da ƙasa ta rufe masa ido. Aibin nasa ɗaya ne, tambaya. Tun yana yaro, idan aka aike shi sayen gishiri sai miya ta ƙone ana jiransa, yana can gaban mai gishiri yana son ya ji daga wane gari aka ɗauko, kwana nawa aka yi a hanya, me ya sa wannan ja ne wancan fari. Har sunan ya bi shi. Da yawa a Zangon Paraku sun mutu ba su san sunansa na yanka ba, Tambaya kawai suka sani.

Kakanninmu fataken goro ne da suka yada zango a Jugu, suka ji daɗin wurin, suka ƙi tashi. Uban Awalu, Mahamadu, a hanyar goron ya rasu, yaron bai cika shekara biyu ba. Mahaifiyata Iyatu, goggonsa, ita ta ɗauke shi ta riƙe. Sau ɗaya tak ya taɓa tambayar uwarsa, yana ɗan shekara shida. Innata tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Ta koma." A makon nan jaririn maƙwabtanmu ya rasu, duk wanda ya shigo sai ya ce ashe yaron ya koma. Awalu ya gyaɗa kai ya fita. Shi ya gaya mini daga baya cewa uwarsa ta mutu, ni ma da haka na girma.

Shekarar da Dahome ta sami 'yanci, yana kai goro Paraku, ya liƙe wa wani Bature mai ɗaukar hoto a kusa da tashar jirgin ƙasa. Ya dame shi da tambaya har mutumin, da zai koma ƙasarsu, ya bar masa kyamararsa, ina jin don ya huta. Wata baƙar akwati ce mai ido biyu, ɗaya bisa ɗaya. Ba a kai ta fuska. A ciki ake riƙe ta, a buɗe murfin sama, a sunkuyar da kai a duba wani ɗan gilashi, a nan ake ganin mutane ƙanana. Duk wanda ya san Awalu a sunkuye ya san shi, kamar mai neman allura a cikin ƙwarya.

A lokacin an kawo ni Zangon Paraku, gidan mai sayar da nama da 'yan kasuwa ke kira Dogo. Awalu ya kama ɗaki a bayanmu, ya toshe taga da barguna, ya rataya jar fitila, nan yake wanke hotunansa da rana tsaka a cikin duhu da wari. Ya riƙa aika wa wata jarida a Kwatano ta jirgin ƙasa. Editan da ke karɓa, wanda ake kira Mushe, wato Malam da Faransanci, ya kafa masa doka ɗaya, wadda ya riƙe fiye da yadda ya riƙe karatun allo: kowane hoto a rubuta a bayansa wane ne, ina ne, yaushe ne. Kun ga an ba mai tambaya lasisi. Ba ya barin hoto ya fita hannunsa sai ya san sunan kowa a ciki, har mai tallar ruwan da ya gifta. Kuma gaskiya ita ce, wannan halin ne ya sa hotunansa suka fi na kowa. Wasu su ɗauki gwamna yana yanka ƙyalle, shi kuwa ya zagaya baya ya ɗauki wanda ya riƙe ƙyallen tun safe, ya ji sunansa da garinsu.

Wata Talata a shekarar sittin da huɗu ya shigo mini da hoton da ya ɗauka a kara, wato kasuwar shanu. Wani bijimi ne ya tsinke igiya, mutane sun watse, maigidana yana tsakiya baki buɗe. Ya zo maigidan ya faɗa masa sunaye. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya, har yatsan Awalu ya kai gefen hoton ya tsaya.

"Wannan fa?"

Mace ce, da baƙin zanen saƙi, da ƙwarya a ka, tana tsaye bayan ƙahonin shanu. Kowa a hoton bijimin yake kallo, har yara, har kare. Ita kaɗai ta juyo tana kallon wannan ɓangaren.

Maigidan ya ce, "Mace a tsakiyar kara? Ni ban ga kowa ba."

Awalu ya ce shi ma bai gan ta ba. Ya koma ɗakinsa ya kwaso tsofaffin hotuna, ya bi su da gilashin ƙara girma. Kafin la'asar ya dawo da shida, ya jera su a kan tabarmata. Tana tashar jirgi, bayan buhunan gyaɗa. Tana filin faretin ranar 'yanci. Tana ƙofar masallacin Zango ranar sallah. Uku kuma a kasuwar Jugu aka ɗauke su, tafiyar rabin yini a mota daga nan. Kullum a gefe, kullum zanen nan, kullum tana kallo. Na ɗauki ɗaya na kai kusa da idona, sai na ga abin da ya sa na ajiye shi da sauri. Ba idon kyamarar take kallo ba. Sama kaɗan take kallo, daidai inda kan mai ɗaukar hoton yake.

Na ce, "Tambaya, kwashe mini abin nan daga ɗaki."

Ya yi dariya, amma ba irin dariyar da na sani ba.

Daga ranar ya fara farautarta. Yakan tsaya a kasuwa ya duba ko'ina, gabas da yamma, ya tabbata babu ita, sannan ya sunkuya ya danna, ya ɗago da sauri. Babu kowa, sai dai wani lokaci ya hango bayan wata mata tana shigewa cikin taro. Ya je ya wanke hoton, a cikin ruwan magani fuskoki su riƙa fitowa a hankali, ga ta nan a gefe. Ba kullum ba. Wani lokaci wata biyu babu ita, har ya fara sakin jiki, sai ta dawo.

A Paraku duk wanda ya nuna wa sai ya ce bai san ta ba. A Jugu ne abin ya fi ban tsoro. Ya kai wa Baƙo, tsohon dillalin goro da ya san kowa da kakan kowa. Tsohon ya dubi hoton, ya dubi Awalu, ya miƙa masa abinsa da hannu biyu, ya ce, "Allah ya shirye ka," ya sa takalmi ya bar masa rumfar. Wata tsohuwa mai daddawa, Amariya, ta kama baki ta juya masa baya. Wani ya yi murmushi ya ce, "Kai ma dai, Awalu," ya shiga wata hira. Innata kaɗai bai nuna wa ba, don tun farko ta ce kada ya kuskura ya shigo mata da hoto gida, mala'iku ba sa shiga.

Magana ta bazu a Zango cewa aljana ke bin Tambaya. Mutanen da a da suke sa babbar riga su tsaya masa, yanzu in sun hango baƙar akwatin sai su janye 'ya'yansu. Ni kaina na tsorata, ba zan ɓoye ba. In ya ci abinci a gidana sai na wanke kwanon sau biyu. Na ce masa ya ƙone hotunan, ya je a yi masa rubutu ya sha, ya manta. Ya ce, "Lubabatu, in aljana ce ma ai tana da suna." Na ce to, ya tambaye ta garinsu da yawan jakunanta, tunda shi ba ya jin magana.

Ya rame. Ba tsoro ne ya cinye shi ba, rashin sani ne. Hoto goma sha tara ya tara, kowanne da wuri da rana a bayansa, wurin suna kuwa fili.

A sittin da shida ya yi abin da ya ga ya rage masa. Ya yanko fuskarta daga hotuna shida, ya ƙara musu girma, ya aika Kwatano. Mushen ya ji daɗi ƙwarai, ya ba su rabin shafi, aka rubuta da manyan baƙaƙe cikin Faransanci: wa ya san wannan matar? Awalu ya zo yana kaɗa mini jaridar, yana cewa cikin mako guda za a ji. Bai yi ƙarya ba.

Kwana biyar bayan haka, da azahar, innata ta sauko daga kamiyon Jugu, wato babbar motar kaya, ita da ba ta taɓa taka Paraku ba tun ranar da ta rako ni. Ko ruwa ba ta sha ba. Ta ce a kira mata shi. Ya shigo ya durƙusa, ta kwance bakin zanenta ta ciro shafin jaridar, ta jefa masa.

"Kai wane irin marar kunya ne? Uwarka za ka buga a takarda, kana tambayar duniya wace ce?"

Ya ce, "Goggo, uwata ai ta rasu."

"Wa ya gaya maka?"

"Ke. Kin ce ta koma."

Innata ta dube shi, ta dube ni.

Ta ce, "Seru ta koma. Gidan ubanta. Nan da Jugu, ana zuwa da ƙafa." Sai ta fashe da kuka, ta ce, "Kai da kake tambayar jaki sunan ubansa, me ya hana ka ce ta koma ina?"

Ni kuwa sai na zauna a ƙasa.

Yaran yanzu ba za su gane ba, bari in faɗa. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa magana a gaban mutane, ba ta ɗaga ido ta kalle shi, in ya shigo ta wannan ƙofa ta fita ta waccan. Kunya ke nan, kuma matan da suka fi riƙe ta su ake yabo. Shi ma ɗan ba ya ambatonta. To da Awalu ya girma bai taɓa cewa uwata ba, duk Jugu ta ɗauka kunya yake yi. Har yabonsa ake yi, ana cewa duk surutunsa ya san abin da ba a faɗa. Da ya fara yawo da hotonta yana tambaya, tsofaffi suka ɗauka iskancin 'yan boko ne ya kama shi, yana gwada su. Babu wanda ya zaci bai sani ba.

Sunanta Mairamu. Bayan rasuwar Mahamadu ta auri wani dillalin shanu, Labbo, tana bin sa kasuwanni da ƙwaryar man kaɗe. Ta haifi uku bayan Awalu, duk sun koma, irin komawar da ya sani. Shi kaɗai ya rage mata, kuma shi ne wanda ba ta da ikon kallo. Sai Allah ya ba shi sana'ar da sai ya sunkuyar da kai. In ya duƙa a kan akwatin, taro ya juya yana kallon abin da ake kallo, ita sai ta ɗago. Wannan ɗan lokacin shi ne duk rabonta. Ba ta san abin yana kama na gefe ba.

Awalu ya miƙe ya ce zai tafi Seru yanzu. Innata ta ce ya zauna. Malamin lakwal, wato makarantar boko, na Seru ya karanta jaridar a bainar jama'a, yara sun liƙa shafin a jikin bishiya, mata a bakin rijiya suna ce mata mai kallon ɗan fari. Fuskarta shida, ido a buɗe, duk gari ya gani. Tun ranar ba ta sake fita ba. Labbo ya aiko cewa kada ya zo, abin da ya yi ya isa.

Na ji haushin Awalu a ranar, na ji haushin innata, na ji haushin Jugu gaba ɗaya da tsofaffinta masu miƙa hoto da hannu biyu. Kalma ɗaya ta gagare su shekara ashirin da wani abu.

Ya yi biyayya, bai je ba. Amma aikinsa ya canza. Yakan tsaya a kara ko a tasha ya sunkuya a kan akwatin ya daɗe, ya daɗe, har waɗanda suka tsaya masa su gaji su ce, "Mushe Tambaya, rana fa!" Yana ba ta lokaci ne, ko za ta zo. Ya je ya wanke, ya duba gefe, babu kowa sai buhuna da bango. Wata goma sha ɗaya ana haka. A da yana neman ya san wace ce ke cikin hoton, yanzu ya sani, ita kuma ta fita.

Ƙarshen daminar sittin da bakwai ruwa ya cinye wata 'yar gada a Turu, can bakin gari, ya je ya ɗauko wa jarida. Kwana biyu bayan haka ya shigo gidana da hantsi, hoton yana ɗigar ruwa a hannunsa. Maza ne suna jan wata amalanke daga laka. A gefe, ƙarƙashin wata bishiyar kaɗanya, ga ta tsaye. Babu ƙwarya a kanta, babu takalmi, ta rame har zanen ya yi mata yawa. Tana kallon sama kaɗan da idon kyamarar.

Ya ce, "Ta zo. Ta yafe. Tashi ki raka ni."

Washegari muka hau kamiyo zuwa Jugu, daga nan muka bi jar hanyar Seru, ta cikin gonakin doya. Muka tarar da Labbo a ƙofar gida yana gyaran igiya, dattijo mai sanyin magana. Ya gane mu tun kafin mu yi sallama. Bai kore mu ba. Ya ce, "Gara da kuka zo. Wata biyu ke nan ba ta taka bakin ƙofar ɗakinta ba, sai an juya ta."

Hoton Turu yana aljihun Awalu, da kwanan watansa a baya, kwana uku da suka wuce. Na ga hannunsa ya tafi wurin aljihun. Na ga bakinsa ya buɗe, na san tambaya ce ke zuwa, don na san fuskar tun muna yara. Sai ya rufe bakin, ya sauke hannun.

Ɗakin ƙarami ne, ƙofar a buɗe, hasken rana ya shiga har gefen gadon kara. Tana jin sallamarsa ta juya fuska bango, ta ja mayafi. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, ya ce ina kwana, ya ce yaya jiki, ya ce a yafe masa. Na shiga na zauna kusa da ƙafafunta, na gaishe ta, ta amsa mini ƙasa-ƙasa, ta tambayi innata. Shi kuwa kamar ba ya wurin. Na ji kamar in girgiza ta, in ce baba, mutuwa ce fa a bakin ƙofa, wace kunya kuma ta rage? Amma ba a haka aka raine ni ba.

Awalu ya daɗe a durƙushe. Can sai ya cire hularsa ya ajiye a ƙasa. Ya jawo baƙar akwatin gabansa, ya buɗe murfin, ya sunkuyar da kai a kan gilashin.

Ƙarar buɗe murfin kaɗai ta ji. Na ga mayafin ya motsa. A hankali, da ƙyar, ta juyo da kanta, matar da aka ce sai an juya ta. Ta buɗe ido ta sauke su a tsakiyar kansa. Kallon nan ne na cikin hotuna, wanda ya hana ni barci shekara biyu, sai ga shi a gabana ba komai ba ne illa uwa tana kallon ɗanta. Ta bi kunnuwansa da ido, ta bi kafaɗunsa, ta bi hannuwan da ke riƙe da akwatin. Shi ma yana ganinta, 'yar ƙarama a cikin gilashi. Ina jiran in ji ƙarar dannawa, ban ji ba.

Ba ta kawar da ido ba ta ce mini, "'Yar Iyatu."

Na ce, "Na'am, baba."

"Ki ce wa mai hoton nan kada ya ɗago tukuna."

Ban faɗa masa ba, ya ji. Ya zauna a haka har inuwa ta ci rabin tsakar gida, har aka kira la'asar, ruwa yana ɗiga daga fuskarsa a kan gilashin, yana sharewa da babban yatsa ba tare da ya ɗaga kai ba. Sai da barci ya ɗauke ta na taɓa kafaɗarsa.

A hanyar komawa na ce, "Tambaya, duk wannan zaman ko hoto ɗaya ba ka ɗauka ba?"

Ya ce, "In na danna, aikin ya ƙare, sai in ɗago."

Kwana tara bayan haka ta rasu. Awalu ya yi shekara ashirin yana aikinsa bayanta, ya ɗauki sojoji sun hau, ya ɗauki sojoji sun sauka, ya ga an canza wa ƙasar suna, kuma bai fasa damun mutane da tambaya ba. Hoton Turu kaɗai ne bai taɓa tambayar kowa a kansa ba, ni ma da na ɗauko zancen sau ɗaya sai ya tashi ya ba ni wuri. Hotunan suna wurina yanzu, a cikin wata tsohuwar adaka. Kowanne da sunaye a baya, har na masu tallar ruwa. Nata guda ashirin wuri ne kawai da rana, bai cike sunan ba ko bayan ya sani.

Ba ta sake fitowa ba. Amma har ya mutu yana daɗewa a sunkuye kafin ya danna, kuma duk hoton da ya ciro daga ruwan magani, gefen yake fara dubawa.